Yadda za ka kai kekenka Usuma ba tare da ya zube a hanya ba

Duk mai keken hawan dutse a Abuja ya san wahalar: duwatsun suna Mpape da Ushafa da gefen madatsar ruwa ta Usuma, shi kuwa yana Garki da keken da ya ƙi shiga but. Ba sai an koya maka cire tayar gaba ba, ka riga ka shafe kujerar baya da baƙin man sarƙa. Mafita ita ce mariƙin keke da ake sokawa a ƙugiyar ja ta bayan mota, kuma lafiyar kekenka gaba ɗaya tana rataye ne a wannan ƙugiya.

Shawara ta farko, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motarka kafin ka biya ko sisi. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, idan suna da ƙugiya, rami ne mai kusurwa huɗu, na inci 2 ko inci 1.25. Na Turai dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin milimita 50. Mariƙin wannan ba ya shiga na wancan, ko da kamfanin Thule ne ya ƙera shi. Yawancin Corolla da ke yawo a garin nan kuwa ba su da ko ɗaya.

Ta biyu, kuma a nan ake asara: kada ka yarda a liƙa maka ƙarfe da walda a jikin bamba. Za a ce masu waldar Apo gwanaye ne, kuma kayan waje sun yi tsada. Gaskiya ne duka biyun. Amma gwaninta ba ta sauya lissafin nauyi. Keke ɗaya yakan kai kilo 14, mariƙi mai faranti yakan kai kilo 20, kekuna biyu ke nan kusan kilo 50 suna lilo nesa da jikin mota. Duk tudun rage gudu da ka taka, nauyin nan ninkuwa yake yi a wurin haɗin. Tuddan nan kuwa, wa ya ƙayyade tsayinsu? Kowace unguwa ta zuba nata siminti yadda ta ga dama, babu fenti, babu alama, wani sai ka haye shi a karkace kana salati, gindin mariƙin yana kartar ƙasa.  Saboda haka a ɗaure ƙugiyar da noti a ƙarfen gindin motar, inda aka tanada mata, sannan a kira mai walda idan gate ɗin gida ya lalace.

Sauran shawarwarin ba sai an jera su da lamba ba. Tayar keke ta yi nesa da salansa, zafinta yana narkar da roba. Lambar mota da fitilun baya su fito fili, don jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra da ya tsayar da kai a kan haka yana da gaskiya, mai bin ka a baya yana buƙatar ganin birkinka. Shi mai bin ka ɗin kuma, a cunkoson Dutsen Alhaji, zai manno hancin motarsa har ya taɓa fedar kekenka yana danna hon, kuma wannan babu wani mariƙi da aka ƙera da zai hana shi.