Yadda Za Ka Ɗaga Motarka Ta Tsallake Damina a Turawa

Salansar motata tana can kwance cikin laka tsakanin Karaye da Turawa, duk wanda ya tsince ta na bar masa halak malak. Na san kai ma cikin motarka ya sha gurzar ƙasa a daminar nan, saboda haka ba sai na ce ka duba ruwa da baƙin mai ba. Mu shiga maganar tsawo.

Na ɗaya, ka sayi babbar taya. Kowa zai ce maka haka, har wanda keke ma bai taɓa mallaka ba. Duba gefen tayarka, za ka ga rubutu irin 195/65 R15. Faɗinta milimita 195 ke nan, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, rim ɗin kuma inci 15. To ka tattara kuɗin buhunan masararka ka koma 205/70 R15, guda huɗu. Barkanka, motarka ta ɗagu da milimita 17. Ramin da Kanta ta haƙa jiya a bakin kwari kuwa ya kai gwiwa. Amma ba za ka tashi a tutar babu ba: malejinka zai riƙa rage maka gudun da kake yi da kusan kashi 5 cikin ɗari, tayar za ta riƙa gaisawa da madigadi a kowace kwana, motar kuma ta ƙara shan mai, tunda ai tun Mayun 2023 da aka cire tallafi fetur ya zama ruwan rijiya.

Na biyu, in aljihu ya ƙi, akwai 'yar Beljiyam. Nemi lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014. Mai sayarwa zai rantse maka a Turai wata tsohuwa ce ta riƙe ta, asibiti kawai take zuwa da ita.

Sai mai faci. Allah ya ba mu haƙuri da mai faci. Kamfanin da ya ƙera motar ya liƙa takarda a jikin ƙofar direba, ya rubuta iskar da ta dace da kowace taya. Shi kuwa gejinsa ya mutu tun bara, babban yatsansa ne ma'auni. Ya danna, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kasa kunne, ya ce, “Alhaji, ta yi.” Ka ce masa a laka rage iska kaɗan yake sa taya ta baje ta kama ƙasa, sai ya dube ka da tausayi, ya ƙara mata. Ka fito tana tsalle, haƙoranka suna haɗuwa tun daga Gwarzo.

Na uku, ko na huɗu ne, ka sa bakanike ya cusa roba a sifirin. Motar za ta miƙe ta yi kwarjini. Shaf ɗin gaba zai karkace fiye da yadda aka tsara shi, robarsa ta yage, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas in ka juya sitiyari. Kafin nan ma dangi sun hango sarari tsakanin taya da bodi, kawu ya ƙara buhu biyu, gwaggo ta kawo akuya, motar ta koma inda take.

Masu hali suna da tasu hanyar, mota mai jakar iska a madadin sifirin, irin wadda Range Rover ta fara sawa tun 1992. Ka danna maɓalli, ɗan injin hura iska ya yi gurnani, mota ta tashi. Daɗi har kunne, sai ranar da jaka ɗaya ta tsage, ka wayi gari ka tarar ta durƙusa kamar raƙumin da ya ƙi kaya. Ka kai ta Ƙofar Ruwa a bayan wata motar, bakanike ya zagaya ta ya ce, “Ranka ya daɗe, a cire a sa sifirin kawai.” Ka biya kuɗin jaka, ka biya kuɗin cire jaka.

Shawara ta gaba na manta ta, domin raina ya ɓaci. Tun 1992 aka gama madatsar ruwan Challawa a ƙasar Karaye. Mutanen nan suna noma, suna kamun kifi, suna ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. Me ya sa kowane direba zai zama injiniya, yana lissafin milimita a ƙarƙashin motarsa, saboda wani kwari ya rasa kwalbati ɗaya da tifa biyu ta tsakuwa? Kuɗin da masu motocin Karaye da Rogo suke zubawa a roba da shokazoba da salansa duk damina, gyaran hanya ne muke yi daga aljihunmu, hanyar kuma ba ta gyaru ba.

Daga Yuli zuwa Satumba dai, ka jingine motar a gida ka hau babur. In kuma ka ga masu neman ƙuri'a sun shigo da Hilux, ka roƙe su su zo wata rana a Golf.