Zuwa ga Taubashina, Sabon Sarkin Ruwa

Taubashi, labari ya iso mini cewa ka sayi fatsa, duk Asabar kana bakin ruwa da malafa, har yaran unguwa sun naɗa ka Sarkin Ruwa. Kai da ko randa ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka! To, Allah ya ja zamanin sarki.

Abin da ya hana ni barci shi ne inda aka ce kana jefa ƙugiyar, wato Wasai. Bawan Allah, ka san ruwan da ke taruwa a can? Jakara ce ke kwaso dattin kwatocin birnin Kano ta kai, rafin Getsi ya ƙara mata da na masana'antun Bompai. In ka ce za ka koma kogin Challawa, can ma kamfanonin jima sun daɗe suna sako ruwa mai sinadarin kuromiyam. Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, cikin taɓon da dattin yake kwanciya. Na san amsarka: wai wuta na kashe komai. Wuta na kashe tsutsa da ƙwayar cuta, amma dalma da danginta ko ka soya har man ya ƙone suna nan a tsoka, kuma babban kifi mai cin ƙanana ya fi tara wasu daga cikinsu. Ka daure ka sayi man mota ka tafi Tiga, ai rowa ba ta kai nan ba.

In Allah ya sa ka kamo karfasa, ka farke cikinta nan take, ka sa a ƙanƙara, kada ta wuni a bayan mota kana yawon nuna wa abokai. A dafa har tsokar ta yi fari tana ɓarewa da kanta. Kifin da ka tsinta yana yawo a mace, bar shi, wataƙila masu zuba gubar gamalin ne suka riga ka. Talibamban kuma ko kyauta aka ba ka, ka ce ka ƙoshi.

Sai ƙaguwa, da na ji kana babbakawa sama-sama. Malamanmu na Malikiyya ba su hana ci ba, amma ƙaguwar rafi kan ɗauki tsutsar da ke shiga huhu. Bayan yaƙin basasa an ga cutar sosai a kudu maso gabashin Nijeriya, mutum na tarin jini a ɗauka tarin fuka ne. Ka tafasa ta sosai, wadda ta mutu kafin tukunya kuma a zubar.

Ka daina tsunduma ƙafa a ruwan kwance, kada tsargiya ta kama ka da furfurarka mu rasa bakin faɗa wa Hajiya. Kuɗin sharata na bana kuma tsaba nake so, kada ka kuskura ka aiko mini da kifin Wasai a madadinsu.