Yadda Ake Faɗuwa Tambayar Ninki Da Juyi Cikin Mutunci

Faɗuwa lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO ba ta buƙatar malami, kowace shekara ana samun masu yin ta da basirar kansu. Sai dai akwai ɓangare guda da faɗuwarsa ke neman ƙwazo na musamman, wato tambayar daidaiton siffofi: layi nawa za a ninke siffa a kansa rabi ya rufe rabi, kuma sau nawa take komawa kamanninta a cikin cikakken zagaye ɗaya. Yaron da ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi, yana ganin faifai a bakin ƙwarya, yana tsayawa kan dattawa masu dara a gindin bedi, ya san amsar tun kafin a sa shi firamare. Abin da ya rage masa shi ne ya mance ta, kuma mantuwa irin wannan tana da ƙa'ida.

Ƙa'idar ita ce ka ba idonka amana, ka hana hannunka sa baki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ka riƙe wannan karin magana har cikin ɗakin jarrabawa. Idan aka zana maka mustaɗili, wato siffar ƙofar ajinku, ido zai ce layukan ninkinsa huɗu ne: na tsaye, na kwance, da biyu masu ratsawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Hujjarsa ma da ƙarfi, domin layin kusurwa yana raba siffar gida biyu daidai wa daida. Rubuta huɗu, kada ka yi wata-wata. Da ka kuskura ka ninke takarda ta wannan layin, da ka ga kusurwoyi biyu sun leƙo waje kamar kunnuwan jaki, da ka gane cewa raba daidai daban, rufe juna daban, kuma amsar biyu ce. Haka tutar Najeriya take, wadda aka fara ɗagawa ranar 1 ga Oktoba 1960: layi biyu gare ta, kuma ko masinja ya rataye ta kai a ƙasa babu mai tuhumarsa, saboda juyin digiri 180 yana mayar da ita yadda take. Guraben dara ma, biyar sau shida, wanda ke zaune can gefen yana ganin abin da kake gani. Ka kawar da kai idan za ka wuce su.

Daga nan sai ka haɗa ninki da juyi ka ɗaura masu aure, ka ɗauka duk inda ɗaya ya je ɗayan na biye. Wannan kuskure yana da daɗi domin da gaskiya ya fara. Siffar da duk gefunanta da kusurwoyinta suke daidai, lambobinta ba sa saɓawa: murabba'i layi 4 ne, juyi 4, kowanne digiri 90, ramin saƙar zuma layi 6, juyi 6, kowanne digiri 60. Sai ka ɗauki wannan doka ka yafa wa kowa. Faralelogiram, wato mustaɗilin da ya karkata kamar rumfar da iskar damina ta tura, ba shi da layin ninki ko ɗaya, amma juyinsa 2 ne. Haruffan S da Z da N duk danginsa ne. Allon karatu kuwa akasin haka yake, layinsa ɗaya daga kai zuwa gindi, amma in ka kifar da kansa ƙasa ko ƙaramin almajiri zai gyara maka. Idan aka tambayi adadin juyin irin wannan siffa, ka rubuta sifili da gaba gaɗi, ka manta cewa ko ƙosai, da ba ya kama da komai, in ya yi cikakken zagaye yana dawowa yadda yake, don haka mafi ƙarancin amsa 1 ce.

Wani zai ce ai ba a ninke takardar tambaya a gaban mai sa ido, don haka nasihar hannu ba ta da amfani. Gaskiya ne, kuma wannan uzuri ne mai kyau ga mai neman F9. Matsalarsa kawai, wanda ya yi wata uku yana ninke tsohuwar jarida a gida ba ya buƙatar ninki ranar jarrabawa, hannu ya riga ya ladabtar da ido. Juya takardarka a kan tebur ka dube ta ta ƙasa kuma ba satar amsa ba ce. Wani zai ce hadda ta wadatar. Ta wadatar, har zuwa ranar da mai tsara tambaya zai zana murabba'i ya baƙanta kusurwa guda, layi huɗun nan su koma ɗaya, hadda ta tsaya tana zare ido. Mai shirin leƙen takardar maƙwabci kuma ya tuna cewa maƙwabcin ma da ido yake aiki.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa maki ɗaya ne ko biyu, ba abin tada hankali ba. Sai dai tsakanin D7 da C6 ma wani lokaci maki ɗayan ne, kuma mafi yawan kwasa-kwasan jami'a suna neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana nan cikin gari, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ma haka. Mai bin shawarwarin nan zai ci gaba da ganin ƙofofinsu kullum, daga waje, kuma zai iya lissafa layukan ninkinsu a tsanake.

Wanda ya fasa faɗuwa, ya yago takarda ɗaya daga bayan littafinsa yau da dare, ya ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ga kunnuwan jakin da idonsa.