Wai Yaro Ma Yana da Damuwa?

Na san ku sarai. Da an ce a kula da halin da zuciyar yaro take ciki a lokacin annoba, sai ku gyara zaman hula ku ce, "Yaro kuma? Shi ke biyan kuɗin haya ko shi ke cefane? A cika masa ciki da tuwo, magana ta ƙare." Can ƙarshen benci kuma Alhaji ya yi gyaran murya: "Ni fa har gobe ban yarda an yi wata korona ba. Ciwon masu hawa jirgi ne."

Ranka ya daɗe, cutar ba ta jira yardarka ba da ta sauka Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, ba ta kuma yi maka sallama ba da ta shigo Kano a watan Afrilu. Amma mu bar wannan. Kulle fa? Shi kam dole ka yarda da shi, tunda har ɗaka ya same ka. Ba majalisa, ba teburin mai shayi, ba gidan kallon ƙwallo. Kafin mako ya zagayo ka yi faɗa da kowa a gidan, har kazar da ta gifta tsakar gida ta sha tsawa. Kada ka musa, Hajiya tana raye.

To kai ke nan, mai gemu, mai rediyo a kunne, wanda ya san abin da ake ciki. Ina ga ɗan shekara bakwai? A watan Maris aka rufe makarantun Najeriya. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a Agusta don jarrabawar WAEC, sauran yaran Kano sai Oktoba. Fiye da wata shida ba aji, ba abokai, ba langa. Sallah ta zo, ba a yi hawa ba. Kullum kuma manya na lissafin waɗanda aka kai maƙabarta, shi yana gefe kamar wasa yake, alhali kunnensa na wurinku. Yaran Nijar sun koma aji tun 1 ga Yuni, amma yawancin na Uganda sai Janairun 2022.

Yaro ba zai zo ya durƙusa ya ce, "Baba, hankalina a tashe yake" ba. Jikinsa ne ke kai ƙara. Wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Wani ya riƙa firgita cikin barci, wani ciwon ciki ba dalili, wata ta manne wa zanen uwa, wani ya mai da ƙaninsa ganga. Maigida ya ce shagwaɓa ce, a kawo bulala. Kaka ta ce kambun baka ne, a kawo turare. Wanda zai tambaye shi me ya faru ne aka rasa.

Na ji wani yana cewa, "Wannan ai maganar Turawa ce, mu ba a yi mana ba kuma ga mu nan." An yi maka, Malam, mantawa ka yi. Wa ya goya ka ranar da aka yi tsawa? Ɗakin wa kake gudu idan an kore ka da duka? Tatsuniyar bayan isha'i, kana tsammanin don Gizo ake yin ta? Kakarka ta san wannan aiki tun kafin UNICEF ta faɗa a rahotonta na 2021 cewa fiye da ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fargaba da ƙuncin rai sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar.

A nan kam zan ɗan ajiye wasa. Ku tuna almajiran da gwamnonin Arewa suka kwasa a motoci zuwa jihohinsu na asali a wancan lokaci, aka killace wasu a sansanoni. Yaro ƙarami, ba malaminsa, ba uwarsa, sai baƙin fuskoki cikin takunkumi. Wanda ya ce wannan yaron ba shi da damuwa, ya sake tunani.

"To so kake mu kwashi yara mu kai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau?" A'a, ajiye kuɗin motarka. Yawancin maganin a gida yake, kuma kyauta ne, na san wannan zai yi maka daɗi. In annoba ta sake zuwa, faɗa wa yaron gaskiya daidai hankalinsa: akwai ciwo, ga yadda ake kiyayewa, muna tare da kai. Kada rana ta tafi sakaka: lokacin tashi, lokacin sallah, lokacin karatu ko darasin rediyo, lokacin wasa. Rage labarin mutuwa a gabansa. Ara masa wayarka ya gaisa da abokinsa, minti biyu ba za su tsiyata ka ba. Malamin makaranta kuma, ranar da aka dawo ba ranar jarrabawa da dorina ba ce. Bari su ba da labari, su yi zane, su yi tsalle. Duba wanda ya yi shiru fiye da da, ka kuma bi sawun wadda kujerarta ta zauna ba kowa. In abin ya ɗauki makonni, yaro ba ci ba barci, sai a ga likita, ba abin kunya ba ne.

Annoba ba ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba, don haka a fara gwaji tun yau. Bayan isha'i kira yaron, ka tambaye shi abin da ya fi ba shi tsoro. Tambayar ba wuya. Wuyar ita ce ka yi shiru minti biyar ba wa'azi, ba "mu a zamaninmu". In ka iya wannan, Alhaji, shayinka na gobe a kaina, har da ƙwai.