Masu Jifa Da Haruffa

Ranar da injiniyan kwamfuta ya shiga taron manya neman kuɗi, ba Hausa ake yi ba, ba kuma Turanci ba. Haruffa ake jifan juna da su, bibbiyu da uku-uku, kowa yana karewa da gyaɗa kai.

Sarkin Haruffa shi ke buɗe fage. Matashi ne mai jakar goyo, aikinsa kuma ya iya shi, bakinsa ne kawai ke cutarsa. Zai miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, RAM ɗinmu ya yi kaɗan, sai an ƙaro." Nufinsa wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, kamar teburin tela. Shugaba kuwa, saura mako biyu babbar salla, Turancinsa na firamare ya riga ya hasko masa rago mai ƙaho, har yana mamakin rashin kunyar yaran zamani.

Shi wannan shugaban shi ne Alhaji Haka Ne. Shekara talatin yana aiki, don haka tambaya a gaban yara zubar da girma ce. Duk harafin da aka jefo sai ya cafe da "haka ne". In ruwa ya kai masa wuya sai ya ce a kafa kwamiti. Shi ne ya taɓa cewa a kira masa mutumin IT, aka shigo masa da ɗalibar da ta zo sanin makamar aiki, don ita ma a ofis 'yar IT ake ce mata.

Waɗanda suka fi ba ni nishaɗi su ne 'Yan Tafiya Ɗaya Hanya Uku. An ce za a ware kuɗi don AI. Injiniya yana maganar ƙirƙirarriyar basira. Daraktan da ya fito daga sashen dabbobi ya tuna ɗurar iri ga shanu, irin wadda ake yi a cibiyar NAPRI da ke Shika, ya ce ai tuni ya kamata. Na ukun mai gidan gona ne, shi AI a wurinsa murar tsuntsaye ce, wadda ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ta ci kajin mutane, ya ce lallai a tashi tsaye kafin ta bazu. Rabin awa suna yabon fahimtar juna, sakatare yana rubuta cewa an cimma matsaya.

Lauyan ofis da injiniya kuwa sun daɗe suna rigima a kan IP, ɗaya na kare haƙƙin mallakar fasaha, ɗaya na neman adireshin na'ura a intanet. Da aka ce a kai ƙara NCC sai abin ya ƙara dagulewa, domin hukumar sadarwa da hukumar kare haƙƙin mallaka duk sunansu ke nan a taƙaice. Masinja ne ya sha rana.

Ɗan kwangila ba sai na daɗe a kansa ba. Kowane harafi ya ƙara a takarda, sifiri ɗaya ya ƙaru a farashi.

Sai Hajiya Akanta, wadda ba ta san kunyar tambaya ba. Ta sauke tabarau ta ce, "Ɗana, ajiye haruffan nan. Nawa ne, kuma in ba mu saya ba me zai faru?"

Yaro ya haɗiye yawu. "Hajiya, na'urar da ke lissafin albashi za ta iya tsayawa a ƙarshen wata."

Nan take Alhaji Haka Ne ya laluba aljihu yana neman biro. Hajiya ta rufe fayil ta ce, "To madalla. Ka jira AIE ta fito, mu yi maka PV, sai a biya ta TSA."

Sarkin Haruffa ya dube ta, ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Haka ne, Hajiya."