Ciwon Manyan Kalmomi

Wani shayi ne jarabarsa, wani goro. Ni tawa jarabar manyan kalmomin Ingilishi ce, musamman waɗanda ba su sayen ko gishiri a kasuwar Dakoro. Tun ina kwalej na ware kaye guda ina tara su. Yadda ake tambayar kuɗin mota bai samu shiga ba, amma sifofin da ake yi wa abu mai sarƙaƙiya da ƙulle-ƙulle sun cinye shafuka.

Da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, jama'a murnar Hausa suka yi. Ni a ɓoye murnar Ingilishi na yi, na ce kayena ya samu kasuwa.

Wata rana bayan la'asar kawuna ya ce, tunda na yi boko, in warware masa rikicin manoma da makiyaya. Maganar tana da tushe. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, yau gonaki sun tsallake ta a wajen kwarin Tarka, burtali ya matse, ga kuma dokar karkara ta 1993 da kowane ɓangare ke jawowa gefensa. Duk na san wannan. Maimakon in faɗa, sai na gyara murya na sako kalmar da na fi ji da ita, na ce haka lamarin yake.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan sunan cutar ne ko sunan maganin?"

Har yau ban ba shi amsa ba. Abin haushin ma, ranar da wani falke daga kudancin Najeriya ya taya rago da Ingilishi, baki na buɗe ina laluben nahawu. Wani yaron dillali da ya tsinci buroka a tasha ya gama cinikin, ya karɓi la'adarsa.

Ban daina ba, jiya ma na ƙara wata a kayen. Sai dai ina roƙon arziki: duk wanda ya ji na sako irin wannan kalma, ya ce in faɗa da Hausa. In na kasa, to ni ma ban gane maganar ba.