Shinkafar Azumi a Bela

A shekarun 1930, wanda kuturta ta kama a ƙasar Kano, Yadakunya ake kai shi, can bayan gari ta wajen Ungogo. Matsuguni ne na waɗanda dangi suka gaji da su. Turawan mishan na SIM ke kula da su, kamar yadda suke yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, da wata allurar mai mai azabar zafi. Daga baya ƙwayar dafson ta zo, gwamnati ta karɓi wurin, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke kashe cutar. Yau Asibitin Bela ake ce masa, mai tarin fuka da mai ciwon fata duk suna zuwa.

Wani azumi, motar wani mai kamfanin jima a Bompai ta kawo shinkafa sadaka. Ana sauke buhuna, wani dattijo da ya warke tun tuni, amma cutar ta tafi da yatsunsa, yana zaune kan benci kusa da wani saurayi da ya cusa hannuwa cikin riga.

"Fito da su, yaro. Nan ba a ɓoye hannu."

Tafukan sun tsattsage, bayan yatsun duk ƙananan ramuka masu zurfi da suka ƙi warkewa. Lebura ne, irin waɗanda suka cika kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Kullum hannunsa cikin ruwan kemikal ɗin jima yake, ba safar hannu, ba takalmin roba. Ranar da ya kasa ɗaga fata, aka ce ya je ya huta. Ba a sake nemansa ba.

Direban motar ya hango saurayin, ya gane shi, ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya yafito shi. "Malam direba, ka gai da Alhaji, ka ce mun gode, Allah Ya karɓi ibada. Ka ce masa mu tamu cutar ba wanda ya ɗora mana, kuma an samo maganinta. Ta wannan yaron kuwa, ka fi ni sanin inda ya ɗauko ta. In ka bi ta Sabon Gari, ka tambayar masa kuɗin safar hannu."

Sai ya juya ga masu rabo. "Nawa kason, a ɗora wa yaron nan a keke. Yana da iyali."